Kare wuƙa daga tsatsa a Sakkwato

Kare wuƙa daga tsatsa shi ne jerin matakan da ake ɗauka domin hana ruwan wuƙa, wato ƙarfen da ke yanka, ya lalace sakamakon haɗuwa da laima da iska, ko a lokacin aiki ko a lokacin ajiya. Manyan matakan guda huɗu ne: wanke wuƙa da zarar an gama aiki, busar da ita sarai, shafa mata mai, da ajiye ta a wuri busasshe. A birnin Sakkwato, inda a karin harshen yankin ake ce wa wuƙa yuƙa, lamarin ya shafi mahauta, masu tsire da kilishi, wanzamai, dukawa, matan gida, da magidanta masu ajiye wuƙar layya daga shekara zuwa shekara. Yawancin wuƙaƙen da maƙeran gari ke ƙerawa na baƙin ƙarfe ne, mai saurin ɗaukar kaifi kuma mai saurin yin tsatsa. Saboda bushewar iskar yankin, ba kasafai wuƙa ke yin tsatsa a Sakkwato don kawai an bar ta a sarari ba. Yawanci tsatsa na zuwa ne daga abin da aka bari a jikin wuƙar bayan aiki, daga laimar watannin damina, ko daga kuben fata da aka daɗe ba a zare ta ba.

Yadda tsatsa ke samuwa

Tsatsa wani sinadari ne ja mai ƙasa-ƙasa da ke fitowa idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin tare da ruwa. Dole sai an sami abubuwa ukun gaba ɗaya. Ƙarfen da ke cikin busasshiyar iska yakan daɗe ƙwarai bai yi tsatsa ba, haka ma wanda aka rufe da mai har ruwa ya kasa taɓa shi. Ba sai an tsoma wuƙa cikin ruwa ba, ɗan danshin da ke kwanciya a kan ƙarfe daga iska, wanda ido ba ya gani, ya isa. Masana kimiyyar ƙarfe sun nuna cewa tsatsa tana ƙara sauri sosai idan laimar iska ta haura kusan kashi 60 cikin 100, kuma idan akwai gishiri a kan ƙarfen takan fara tun kafin a kai wannan mataki.

A cikin ɗigon ruwan da ke kan wuƙa, wani ɓangare na ƙarfen yana narkewa ya saki ƙwayoyin lantarki, wani ɓangaren kuma yana miƙa su ga oksijin. Duk abin da ya sauƙaƙa wa lantarki tafiya cikin ruwan yana hanzarta aikin. Shi ya sa gishiri da tsami suke ƙara saurin tsatsa. Jini yana ɗauke da gishiri kusan kashi 0.9 cikin 100, gumin hannu ma yana da gishiri, tumatir da lemun tsami da tsamiya kuwa suna da tsami. Zafi ma yana ƙara saurin wannan aiki muddin akwai ruwa a wurin.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye, don haka takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe a ƙarƙashinta. Tana kuma riƙe ruwa kamar soso. Wannan ne ya sa ba ta tsayawa da kanta idan ta fara. Kaifin wuƙa shi ne wurin da ya fi siranta, saboda haka shi tsatsa ke fara cinyewa. Wuƙar da aka wasa aka ajiye da laima tana iya dakushewa ba tare da an yanka komai da ita ba.

Yanayin Sakkwato

Birnin Sakkwato yana kusa da mahaɗar Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima, a yankin da ke da zafi da ƙarancin ruwan sama. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai tsakanin milimita 600 zuwa 700, kuma kusan dukansa yana zuwa ne daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuma shi ne watan da ya fi ruwa. A wannan wata laimar iska takan haura kashi 70 cikin 100. A watannin Fabrairu da Maris kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 20. Ke nan shekara ta rabu gida biyu dangane da tsatsa: watanni masu yawa da ƙarfe ke cikin aminci, da kusan watanni huɗu da wuƙar da ba ta da mai za ta iya yin ja cikin 'yan kwanaki.

Kowane lokaci yana da tasa matsalar. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana kwanciya a kan kaya. Ƙurar ba ta cutar da ƙarfe a lokacin, amma idan aka bar ta har damina ta faɗi, takan jawo laima ta riƙe ta a jikin wuƙar. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, sai man da aka shafa ya narke ya tsiyaye ko ya bushe, hannu kuma yana yawan gumi. Da damina, bangon ƙasa da daɓen ɗaki suna ɗaukar danshi, musamman a unguwannin da ke kusa da fadama. Da kaka, raɓar safiya tana jiƙa duk ƙarfen da ya kwana a tsakar gida.

Ire-iren ƙarfen wuƙa

Ƙira tsohuwar sana'a ce a Sakkwato. Bayan kafa birnin a matsayin hedikwatar daula a shekarar 1809, maƙera sun riƙa samar da takubba da masu da kayan noma, kuma unguwar Maƙera Assada da ke cikin tsohon gari, a ƙaramar hukumar Sakkwato ta Arewa, ta yi suna da wannan aiki. Hausawa suna raba maƙera gida biyu: maƙeran baƙi, masu ƙera wuƙa da gatari da fartanya, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. A da, ana samun ƙarfe ne ta hanyar narka tama. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929, ƙarfen da ake shigowa da shi da tsoffin ƙarafa suka yawaita a kasuwannin Arewa, sai narka tama ta yi ta ja da baya. Philip Jaggar ya yi bayanin irin wannan sauyi a littafinsa kan maƙeran birnin Kano da aka buga a 1994. A yau maƙera sun fi amfani da tsoffin ƙarafan mota, musamman sifirin, da tsohon zarto da makamantansu.

Ƙarfen sifirin mota yana ɗauke da sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin 100. Wannan kabon shi ke sa wuƙa ta yi tauri idan maƙeri ya gasa ta ta yi ja ya tsoma ta cikin ruwa ko mai. Irin wannan wuƙa tana wasuwa cikin sauƙi a kan dutse, tana kuma yin kaifi mai kyau, shi ya sa mahauta da yawa suke son ta. Sai dai ba ta da wani abu a cikinta da zai hana tsatsa. Baƙin ɓawon da ke jikinta idan ta fito daga maƙera yana ba ta 'yar kariya, amma bakin da aka wasa ya yi fari a buɗe yake.

Wuƙaƙen kanti da ake shigowa da su yawanci na ƙarfe mai jure tsatsa ne. Harry Brearley ne ya samar da irin wannan ƙarfe a birnin Shefil na Ingila a shekarar 1913, lokacin da yake neman ƙarfen da ya dace da bututun bindiga. Ƙarfen da ya haɗa yana da sinadarin kuromiyam kashi 12.8 cikin 100. A ƙa'ida, sai kuromiyam ya kai aƙalla kashi 10.5 kafin a sa ƙarfe a wannan rukuni. Kuromiyam yana haɗuwa da oksijin ya yi wani siririn mayafi a saman ƙarfen, wanda ke sake rufuwa da kansa idan aka karce shi. Duk da haka irin wannan wuƙa ma tana tsatsa idan ta daɗe cikin ruwan gishiri ko ruwan bilic, domin sinadarin kulorayid yana huda mayafin ya bar ƙananan ramuka.

Baƙar wuƙar da aka daɗe ana aiki da ita takan rine ta koma ruwan toka ko shuɗi-shuɗi. Wannan rini daban yake da jar tsatsa. Yana manne da ƙarfen, ba ya ɓarewa, kuma yana rage saurin kamuwa da jar tsatsa. Don haka ba a bukatar a goge wuƙar aiki har ta yi ƙyalli kowace rana. Abin da ake cirewa shi ne ja ko ruwan lemo mai kaushi da ke barin alama a tsumma.

Kariya a lokacin aiki

Mahauci a mayanka ko a kasuwa, kamar masu aiki a kewayen kasuwar dabbobi ta Kara, wuƙarsa tana wuni cikin jini da kitse da ruwa. Kitse ba ya cutar da ƙarfe nan take, jini da ruwan ciki su ne matsala. Abin da ya fi amfani shi ne goge wuƙar da tsumma mai tsabta tsakanin aiki da aiki, da hana jini bushewa a kanta. Busasshen jini yana riƙe gishiri a wuri ɗaya, kuma a ƙarƙashinsa ne ramukan tsatsa suke farawa. Masu tsire da balangu da kilishi suna da ƙarin matsala, domin wuƙarsu tana taɓa gishiri da yaji da albasa da tumatir. A ɗakin girki ma haka ne: wuƙar da aka yanka albasa ko lemun tsami da ita aka bar ta a faranti takan sauya launi cikin mintuna.

Wanki yana da nasa tsari. Ana wanke wuƙa ita kaɗai da sabulu da ruwa, ba a jiƙa ta cikin bahon wanke-wanke tare da kwanoni ba. Jiƙawa tana sa ruwa ya shiga tsakanin ƙarfe da mariƙin itace, inda ba ya bushewa da wuri, sai tsatsa ta ci gindin wuƙar a ɓoye har mariƙin ya tsage ko ya yi sako-sako. Ɗauraya da ruwan zafi ta fi, domin ƙarfen da ya ɗauki ɗumi yana saurin bushewa. A mayankun zamani na ƙasashe da dama, ƙa'ida ita ce a tsoma wuƙa cikin ruwan da zafinsa ya kai digiri 82 domin kashe ƙwayoyin cuta. Bayan wanki ana goge wuƙar da busasshen tsumma nan take, har da lungun da ƙarfe ya shiga mariƙi, sannan a bar ta ta sha iska ko rana na ɗan lokaci.

Ba a busar da wuƙa ta hanyar sa ta cikin garwashi. Idan zafin ƙarfen ya wuce kusan digiri 200, taurin da maƙeri ya ba shi yakan fara raguwa, kuma idan bakin ya koma shuɗi to ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi kamar da ba. Haka yake faruwa idan aka daɗe ana wasa wuƙa a injin wasa ba tare da ana tsoma ta cikin ruwa ba. Bayan kowane washi, ko da dutse ko da inji, bakin wuƙa sabon ƙarfe ne da babu komai a kansa, saboda haka a lokacin ne ya fi bukatar a goge shi a shafa mai.

Man shafawa

Aikin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da laima. Kaɗan ake shafawa da tsumma, a goge ragowar, har wuƙar ta yi sheƙi ba tare da tana ɗiga ba. Man da ya yi yawa yana tara ƙura. Ba a shafa mai a kan wuƙa mai laima ko mai datti, domin man zai rufe ruwan ne a ciki. Zaɓin mai ya danganta da aikin wuƙar da kuma tsawon ajiyar.

Man gyaɗa da manja da sauran man girki sun dace da wuƙar da ake aiki da ita kullum, domin ba sa cutarwa a abinci kuma ana wanke su kafin su lalace. Idan ajiyar ta kai watanni, irin wannan mai yakan yi wari, ya yi danƙo, ya kuma fitar da ɗan tsami. Kitsen dabba da ba a sa masa gishiri ba yana aiki na ɗan lokaci, amma shi ma yana lalacewa. Man kaɗanya ya fi su jimiri, sai dai yana narkewa a zafin da bai wuce na jikin mutum da yawa ba, don haka da bazara yakan zama ruwa. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62, saboda haka haɗa shi da ɗan mai yana ba da shafi mai daɗewa a yanayin Sakkwato.

Farin man ma'adinai irin wanda ake sayarwa a kantin magani, da basilin marar ƙamshi, ba sa wari kuma ba sa tsami, shi ya sa suka fi dacewa da dogon ajiya. Ana wanke su da sabulu kafin a koma yanka abinci. Man keken ɗinki ya dace da almakashi da wuƙar dukanci da sauran kayan da ba sa taɓa abinci. Man feshi irin su WD-40, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1953 domin korar ruwa daga jikin ƙarfe, yana da amfani ga adda da lauje, amma ba a yi shi domin kayan abinci ba.

Baƙin mai da aka juye daga injin mota ko babur yana hana tsatsa, kuma ana samun sa kusan kyauta a wurin makanikai. Sai dai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da sinadaran ƙonewa masu illa ga lafiya. Bai halatta a kiwon lafiya a shafa shi a wuƙar nama, wuƙar girki ko askar wanzami ba. Haka ma kananzir da gas.

Kube da wurin ajiya

Sakkwato ta shahara da fatar jar akuya, wadda a ƙarnonin baya aka riƙa fita da ita ta hamada har ta kai Turai da sunan fatar Maroko. Da irin wannan fata dukawa suke ɗinka kuben wuƙa da na takobi. Majema suna jeme fatar da 'ya'yan bagaruwa, waɗanda ke ɗauke da sinadarin tanin. Wannan sinadari yana haɗuwa da ƙarfe idan akwai laima ya ba da baƙin launi. Dukawa sun san wannan tun da daɗewa, domin baƙin rinin da ake kira kuloko daga kashin maƙera ake haɗa shi, kuma yana yin baƙi ne idan ya hau fatar da aka jeme da bagaruwa. Abin da ke ba dukawa rini shi ne ke ɓata wuƙar da ta daɗe cikin kube mai danshi.

Fata tana shan laima daga iska da damina, ta riƙe ta a jikin ƙarfen, tare da ɗan tsami da gishirin da suka rage daga jima. Kube yana da amfani wajen ɗaukar wuƙa da kare mutum daga yanka, amma bai dace da ajiyar watanni ba. Idan za a daɗe ba a yi aiki da wuƙa ba, ana zare ta, a shafa mata mai, a naɗe ta cikin tsumman auduga mai ɗan mai ko takarda mai kaki, a ajiye kuben a gefe. Wuƙar da ake ɗauka kullum cikin kube ba a mayar da ita sai ta bushe. Idan jini ko ruwa ya shiga kuben, ana shanya shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Kuben da aka yi wa ciki da busasshen itace sannan aka rufe da fata ya fi wanda fatar ke taɓa ƙarfe kai tsaye.

Wurin ajiya ya kamata ya kasance sama da ƙasa, nesa da randa da wurin wanke-wanke da buhun gishiri ko na takin zamani, domin duka biyun suna jawo laima kuma suna cin ƙarfe. Rataye wuƙa a inda iska ke wucewa ya fi cusa ta a ƙarƙashin katifa ko a gindin bango. Leda tana da haɗari: idan aka ɗaure wuƙa a cikinta da ɗan danshi, ruwan ba shi da hanyar fita. Akwatin da ke rufuwa sosai yana aiki idan an rufe shi a ranar da iska ta bushe, musamman idan an sa ƙananan ƙunshin ƙwayoyin silika masu shan laima, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Ba a tara wuƙaƙe suna gugar juna, kuma ba a haɗa mai tsatsa da mai lafiya, domin ɓurɓushin tsatsa yana iya ɓata har ƙarfe mai jure tsatsa.

Wuƙar layya

A gidaje da yawa akwai wuƙaƙen da ba a fito da su sai da Babbar Sallah: wuƙar yanka, wuƙar fiɗa, da adda ko gatari na sara ƙashi. Suna aiki na kwana biyu ko uku cikin jini da gishiri, sannan su koma ajiya ta kusan shekara guda. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka Sallar tana zagaya lokutan shekara. A Najeriya an yi ta ranar 11 ga Agusta a 2019, ranar 28 ga Yuni a 2023, ranar 16 ga Yuni a 2024, da ranar 6 ga Yuni a 2025. A waɗannan shekaru wuƙar layya ta shiga ajiya ne cikin damina ko a bakinta, lokacin da laima ta fi yawa. Wuƙar da aka ajiye a irin wannan lokaci ba tare da wanki da mai ba takan fito shekara mai zuwa da ramuka a baki.

Wannan ya shafi yankan kansa. A wani hadisi da Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus, wanda kuma shi ne na 17 cikin Arba'una Hadisi na Nawawi, an yi umarni da wasa wuƙa da sauƙaƙa wa dabbar da za a yanka. Bakin da tsatsa ta ci yakan zama mai giɓi-giɓi, yana yagar nama maimakon ya yanka, kuma sai an cinye ƙarfe mai yawa a dutse kafin a dawo da shi daidai. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a wanke wuƙaƙen da ruwan zafi da sabulu a ranar da aka gama aiki, a busar, a shafa basilin ko kaki, a naɗe, sannan a duba su sau ɗaya a tsakiyar damina da kuma bayan ruwa ya ɗauke.

Cire tsatsa

Tsatsar da ba ta yi nisa ba tana fita da guga. Ana amfani da toka mai laushi da ɗan ruwa, ko lallausan yashi, ko soson ƙarfe da mai, ko takardar yashi mai laushi. Ana gogewa ne a tsawon wuƙar, daga baya zuwa baki, yatsu suna nesa da kaifi. Idan tsatsar ta yi kauri, ana jiƙa ƙarfen kaɗai, ban da mariƙi, cikin ruwan lemun tsami ko ruwan tsamiya ko ruwan khal na ɗan lokaci, ana dubawa. Tsami yana narkar da tsatsa, amma yana cin ƙarfen ma, saboda haka ba a barin wuƙa ta kwana a ciki. Bayan haka ana ɗauraye ta da ruwan da aka sa wa ɗan kanwa ko sodar burodi domin kashe tsamin, a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta, a busar, a shafa mai nan take. Toka da kanwa suna da gishiri a cikinsu, don haka ba a barin ragowarsu a jikin wuƙar.

Ramukan da tsatsa ta haƙa ba sa cikewa. Idan suna a bayan wuƙa, tsaftace su da shafa mai ya wadatar. Idan sun kai baki, sai an wasa har a wuce su, ko a kai wa maƙeri ya sake fitar da bakin. Wuƙar da tsatsa ta ci gindinta a cikin mariƙi tana iya karyewa lokacin aiki, kuma gyaranta shi ne a cire mariƙin a tsaftace ƙarfen a sa sabo.

Takubba da kayan tarihi

A gidajen sarauta da na malamai a Sakkwato akwai takubba da wuƙaƙen gado, kuma Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana adana kayan tarihi na zamanin daular. Kula da irin waɗannan kaya ya bambanta da na wuƙar aiki. Guga da yashi ko tsami tana shafe zane da rubutu da alamar maƙeri, abin da ba ya dawowa. Masu adana kayan tarihi sun fi dogara da rage laimar ɗaki, sa safar hannu kafin a taɓa ƙarfe, da shafa siririn kaki. Wani kaki da ake kira Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin bincike na Gidan Tarihin Birtaniya a shekarun 1950, ya zama sananne a wannan aiki. A Japan, al'adar adana takobi ta raba kuben ado da kuben ajiya: ana shafa wa takobi siririn mai mai ƙamshin kanumfari, a ajiye shi cikin kube na busasshen itace zalla, a riƙa sabunta man lokaci zuwa lokaci.

Tsatsa da lafiya

Ɗan ɓurɓushin tsatsa a abinci ba guba ba ne, ko da yake yana ɓata launi da ɗanɗano. Haɗarin yana cikin kaushin da take bari. Ramuka da tsagu suna riƙe jini da nama da datti inda sabulu ba ya kaiwa, kuma ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a wurin. Wannan ya fi muhimmanci ga mahauta, da kuma wanzamai, waɗanda askarsu ke taɓa fatar mutane da jininsu wajen aski da ƙaho da kaciya. Askar da za a sake amfani da ita tana bukatar a wanke ta, a tafasa ta, sannan a busar da ita sarai, domin tafasawa ba tare da busarwa ba tana kawo tsatsa. Ruwan bilic yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana cin ƙarfe idan aka daɗe ba a ɗauraye ba. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar amfani da sabuwar reza ga kowane mutum domin kauce wa cututtukan da ke bin jini, irin su ciwon hanta nau'in B.

Mutane da yawa suna danganta cutar tetanus, mai sandarar da haɓa da jijiyoyi, da tsatsa. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma tana bunƙasa a cikin rauni mai zurfi da iska ba ta shiga. Ƙarfe mai tsatsa yana da haɗari ne saboda yawanci ya daɗe a ƙasa kuma kaushinsa yana ɗaukar datti. Wuƙa mai sheƙi da ta faɗi a turken dabbobi ma tana iya ɗaukar ƙwayar. Wanda ya yanke da wuƙa mai datti ana so ya wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu, ya je asibiti a duba ko yana bukatar allurar rigakafi.